Buɗaɗɗun Kayan Karatu na Jami'o'i da Neman Ilimi na Tsawon Rayuwa: Darasi Daga Lolo

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke kwalejin ilimi yana cikin wata ni'ima wadda ba ya ganin girmanta sai ranar da ya rabu da ita. Ga ɗakin karatu, ga malaman da zai tare a bakin ofis ya yi wa tambaya, ga kuma abokan karatu da za su yi ta musu da shi a kan jinsin wata kalma har dare ya raba. Ranar da ya karɓi takardar shaidar NCE aka tura shi bakin aiki, duk waɗannan sai su zama labari. A ɗauka an tura shi wata makarantar firamare a Lolo, garin da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, a yankin da kogin Kwara ya shigo ƙasar nan. Daga can zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta sa'o'i, balle a yi maganar Sakkwato ko Zariya. Abin da ya koya cikin shekara 3 shi ne guzurinsa, alhali kuwa aikin da ke gabansa yana iya wuce shekara 30. A cikin wannan tsawon lokaci manhaja za ta sauya, littattafai za su sauya, bincike kuma zai rushe wasu daga cikin abubuwan da aka koya masa a matsayin gaskiya.

Wannan babi zai duba hanyar da irin wannan malami zai ci gaba da shan ilimin jami'a ba tare da ya bar ajinsa ba, da kuma yadda zai shayar da mutanen garin da yake aiki.

1.1 Ma'anar Kalmomi

Neman ilimi na tsawon rayuwa na nufin ɗaukar koyo a matsayin abin da ba ya ƙarewa da kammala makaranta. Hukumar UNESCO ce ta yayata wannan ra'ayi a duniya ta hanyar rahoton kwamitin Edgar Faure na 1972 da na Jacques Delors na 1996. A 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin muradi na 4 na Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ita ma ta amince da shi a matsayin ginshiƙin tsarin ilimin Nijeriya. Bahaushe dai ya daɗe da cewa gemu ba ya hana ilimi.

Kalmar da ta fi buƙatar a tsaya a kanta ita ce "buɗaɗɗe". Sifa ce da aka samo daga aikatau "buɗe", kuma ƙirarta na nuna abin da aka riga aka yi wa aiki, kamar dafaffe da rubutacce. Ke nan akwai wanda ya buɗe, kuma kafin ya buɗe abin a rufe yake. Jami'a na iya buɗe abu uku daban-daban, kuma ɗalibai kan cakuɗa su. Tana iya buɗe ƙofa, wato ta sassauta sharuɗɗan shekaru da wurin zama domin ma'aikaci ya yi digiri daga inda yake. Tana iya buɗe taska, wato ta bar kowa ya karanta littattafanta da kundayen bincikenta ko da ba ɗalibinta ba ne. Tana kuma iya buɗe haƙƙi, wato ta ba da izini a rubuce cewa kowa na iya kwafar abin, ya gyara shi, ya fassara shi, ya raba wa wasu. Wannan na ukun shi ne ainihin abin da masana ke nufi da buɗaɗɗun kayan karatu. Saboda haka ba duk abin da aka samu kyauta ne buɗaɗɗe ba. Rijiyar da aka yarda mutum ya sha a bakinta daban take da wadda aka yarda ya ɗiba ya kai gida.

1.2 Tushen Al'amarin a Ƙasar Hausa

Kuskure ne a ɗauka cewa intanet ce ta kawo wannan tunani. Makarantar zaure, wadda ake kira makarantar ilimi, ba ta da rajista, ba ta tambayar shekarun haihuwa, ba ta da ranar yaye ɗalibai. Maɗinki da manomi da ɗan kasuwa kowa na zuwa da littafinsa bayan asuba ko bayan la'asar, malam ya biya masa gwargwadon fahimtarsa. Littafin ma da hannu ake kwafarsa, kuma marubuci yakan yi murna idan ya ji an kwafi aikinsa an kai wani gari.

Yankin Bagudo na da rabonsa a cikin wannan tarihi. A ƙarshen ƙarni na 18, cikin yawon wa'azinsa a ƙasar Kabi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙetare Kwara har ya kai Illo, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ambata a Tazyinul Waraƙati. Illo kuwa tana cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Lolo a yau. Bayan jihadi, Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis-jajis ke zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, su koma su koyar da matan da ba su iya barin gidajensu. Abin lura a nan shi ne dabarar: an mayar da ilimin da ke cikin Larabci zuwa harshen da mai koyo ke ji, an saka shi cikin sigar da za a iya haddacewa, sannan aka sami ɗan aike amintacce tsakanin cibiya da ƙauye. Duk wanda ya fahimci aikin jaji ya fahimci rabin abin da ake nema daga malamin Lolo.

Makarantar boko ce ta zo da katanga: shekarun shiga, jarrabawa, kuɗin makaranta da takardar shaida. Katangar na da amfaninta, domin ita ke tabbatar da ingancin likita da injiniya. Sai dai ta bar mafi yawan jama'a a waje.

1.3 Yadda Jami'a ta Fito Daga Harabarta

Tun a 1858 Jami'ar Landan ta fara barin mutanen da ba su zauna a cikinta ba su ɗauki jarrabawarta, kuma ta wannan hanya ce wasu 'yan Nijeriya na farko suka sami digiri suna gida. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sai aka buɗe mata sashen koyar da jama'ar waje a 1949, ƙarƙashin Robert Gardiner, mutumin ƙasar da ake kira Gana a yau. A Arewa kuwa, shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da hukumar NORLA ta Zariya (1954-1959) sun samar da ƙananan littattafan Hausa masu araha domin manya. Ba jami'a ce ta yi wannan ba, amma shi ya share fage.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta gaji cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Daga nan ne aka sami cibiyar NAERLS, wadda aikinta shi ne mayar da sakamakon bincike zuwa ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da manomi zai gane, da yawansu cikin Hausa. Idan ana neman misalin jami'ar da ta yi magana da talaka cikin harshensa, da wuya a sami wanda ya fi wannan. Ta fuskar malamai, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma a 1990 ta fara ba da NCE ta hanyar karatu daga nesa.

Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN ko jami'ar karatu daga gida, ta sha faɗi-tashi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, bisa koyi da irinta ta Ingila da aka kafa a 1969. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ta yi kusan shekara 18 a kwance, sai a 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Mai son digirinta dole ya yi rajista, ya biya kuɗi, ya riƙa zuwa cibiyar karatu domin jarrabawa, irin wadda ta buɗe a Jega domin mutanen Jihar Kebbi. Amma littattafan kwasa-kwasanta tana ɗora su a intanet, kowa na iya saukewa ba tare da ya zama ɗalibinta ba. Wato ƙofarta a buɗe take da sharaɗi, taskarta kuwa a buɗe take ga kowa.

A duniya baki ɗaya, abin ya ɗauki sabon salo ne a 2001, lokacin da jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta saki kayan kwasa-kwasanta ga jama'a da sunan OpenCourseWare. Ta fara da kwas 50 a 2002, yanzu sun haura 2,000. A shekarar 2002 ɗin ne wani taron UNESCO a Faris ya raɗa wa irin waɗannan kaya sunan da aka fassara a nan da buɗaɗɗun kayan karatu, kuma a 2019 ƙasashen hukumar suka amince da wata shawara ta bai-ɗaya a kansu.

1.4 Abin da Malamin Hausa Zai Samu

Mafi kusa da buƙatarsa su ne littattafan kwasa-kwasan Hausa na NOUN, masu lambar HAU, waɗanda akasarinsu da Hausa aka rubuta su. Sun shafi tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, adabi da al'ada, kuma an tsara su kashi-kashi domin mai karatu shi kaɗai. Ingancinsu ya bambanta daga marubuci zuwa marubuci, kuma ba a rasa kurakuran ɗab'i, amma ga wanda ke nesa da ɗakin karatu babbar garaɓasa ce.

Ta ɓangaren dabarun koyarwa akwai shirin TESSA, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta jagoranta tun 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da NTI. An rubuta darussansa ne domin malamin firamare mai cunkoson aji da ƙarancin kayan aiki, kuma ana samun su da Ingilishi da Faransanci da Larabci da Swahili. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma, har da na Hausa, ta ajiye a taskar da kowa ke iya dubawa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan a intanet, kuma yana da amfani na musamman ga mai aiki a Kebbi domin yakan nuna kalmomin da suka keɓanta da Sakkwato ko Katsina. Rumbun mujallu na AJOL, wanda aka fara a 1998, na ɗauke da maƙalun jami'o'in Afirka, wasu kyauta wasu da kuɗi. Haka nan wasu jami'o'in Nijeriya, irin su Ahmadu Bello, suna ɗora kundayen digiri na biyu da na uku. Sai kuma African Storybook, wanda ba na jami'a ba ne, amma yana da gajerun labaran yara masu hotuna cikin harsuna da dama, har da Hausa, kuma an yarda a fassara su.

1.5 Daga Taska Zuwa Lolo

Buɗe taska a Abuja ko Boston ba shi ne isar ilimi Lolo ba. Akwai shingaye a tsakani, kuma a nan ne aikin malami yake.

Na farko shi ne na wuta da sabis da kuɗin data. Maganinsa bai wuce tsari ba. Malamin da ya shiga Bagudo ko Birnin Kebbi karɓar albashi ko halartar bita, sai ya tafi da jerin abubuwan da yake nema a rubuce, ya sauke su gaba ɗaya, ya adana a katin waya. Idan ya dawo, yana iya tura wa abokan aikinsa ta Bluetooth ko Xender ba tare da an kashe ko kwabo ba. Gara ya nemi rubutu da murya a kan bidiyo, domin bidiyon awa ɗaya na iya cin datar da za ta sauke littattafai masu yawa. Idan malamai 5 suka raba kwasa-kwasai a tsakaninsu, kowa ya karanta ɗaya ya yi wa saura bayani ranar Alhamis bayan tashi, to sun kafa makarantar zaure ke nan.

Shinge na biyu, wanda ya fi na farko tsawo, shi ne harshe. Kaso mafi tsoka na waɗannan kaya da Ingilishi yake. Lolo kuwa mahaɗa ce ta Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa, inda Hausa ke zaman harshen kasuwa ga da yawa, ba harshen uwa ba. Da an ƙetara zuwa Madekali da Malanbil, harshen makaranta ya koma Faransanci, kuɗi ya koma sefa, jami'ar da ake hange kuma ita ce ta Faraku, wadda aka kafa a 2001. Iyali ɗaya na iya samun ɗa a wannan tsari, wani ɗan a wancan. Wannan na da fa'idar da ba a cika lura da ita ba: darasin TESSA guda yana nan da Ingilishi da Faransanci, don haka malamin Lolo da takwaransa na Madekali na iya tattauna darasi ɗaya cikin Dandanci ko Hausa, kowa na riƙe da kwafin da yake iya karantawa. Game da harshen koyarwa, ya kamata ɗalibi ya san cewa manufar harshe ta 2022 ta tanadi koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta. Ko ma wane harshe doka ta zaɓa, yaron da bai gane bayani ba sai an yi masa da harshen da yake ji.

Ko kayan da aka rubuta da Hausa ma ba a shiga aji da su kai tsaye. Da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, wadda ta ginu a kan karin Kano, alhali Hausar da yaron Kebbi ke ji a gida ta yamma ce. Yana cewa zamna, littafi na cewa zauna. Yana cewa hwari da hulla da shina, littafi na cewa fari da hula da yana. Malamin da ya ce wa yaro "ba haka ake faɗa ba" ya yi kuskure ta fuskar ilimin harshe, domin haka ake faɗa a garinsu, kuma zamna ma ta girmi zauna a tarihin harshen. Abin da ya dace shi ne ya jera siffofin biyu a allo, ya nuna cewa ɗaya ta magana ce a yankin, ɗaya kuma ita aka amince a rubuta. Lasisin da ya ba da izinin gyara shi ke ba malami damar ƙara irin wannan jadawali a cikin darasin da ya sauke, ya buga, ya raba.

Akwai wata 'yar matsala ta baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, da keɓaɓɓun haruffan kwamfuta ake buga su, irin su Rabi'at da Abdalla. Idan aka buɗe tsohon kundi a na'urar da ba ta da waɗannan haruffa, sai a ga alamomi barkatai a gurbin masu ƙugiya. Wasu kuma sukan yar da ƙugiyar gaba ɗaya, sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Saboda haka mai neman wani abu a intanet ya gwada rubuta kalmar da ƙugiya da kuma babu ita. In ya sami rubutu daga Nijar, zai tarar da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Kada ya ba yara kowane rubutu sai ya bi shi da jan biro.

Malami ba na yara kaɗai ba ne. Jama'ar wannan yanki manoman shinkafa ne da masunta da 'yan kasuwa, kuma ambaliyar 2020 ta nuna yadda dare ɗaya ke iya cinye wahalar shekara a fadamun Kebbi. Alal misali, a ce malami ya sami wata ƙasidar jami'a a kan dashen shinkafa, yana son ya yi amfani da ita a ajin manya na yamma. Zai fara da tambayar manoman yadda suke yi da sunayen da suke kiran kowane mataki, domin sun fi shi sanin gona. Sannan ya taƙaita ƙasidar cikin gajerun jimloli da kalmominsu, ya mayar da hekta da kilo zuwa ma'aunin da suka saba da shi. Daga wannan rubutu guda zai koyar da karatu da lissafi, a kuma yi muhawara a kan iri, kamar FARO 44 da aka sani a jihar. Iyakarsa ita ce adadin taki da na maganin feshi. Waɗannan ba a taɓa su da ƙiyasi. Sai ya kai wa malamin gona na hukumar KARDA ya duba kafin a raba, domin kuskuren fassara a nan na iya ƙone gona ko ya cutar da mai feshi.

1.6 Tantancewa da Kiyaye Haƙƙi

Kafin malami ya dogara da wani rubutu, ya duba wanda ya rubuta shi, da cibiyar da ta fitar da shi, da shekarar da aka fitar. Kundin digiri aikin ɗalibi ne, wani nagari wani kuwa an dai samu an wuce, don haka ba a ɗaukar hukuncinsa sai an gwada shi da wani. Rubutun da ba shi da suna ko shekara, wanda aka turo ta WhatsApp, matsayinsa ɗaya da jita-jitar kasuwa har sai an gano asalinsa.

Daga nan sai ya duba lasisi, wanda galibi ke shafin farko ko na ƙarshe. Mafi yaɗuwa shi ne na Creative Commons, mai amfani da gajerun alamomi. BY na nufin a ambaci mai aikin. NC na nufin kada a yi kasuwanci da shi. SA na nufin duk abin da aka gina a kansa a sake shi da irin wannan lasisi. ND kuwa na nufin kada a yaɗa shi da wani sauyi, kuma wannan ce ta fi shafar malamin Hausa, domin fassara ma sauyi ce. Rubutu mai ND ana iya kwafarsa a raba yadda yake, amma ba a raba fassararsa sai da izini. Inda aka rubuta cewa an keɓe dukkan haƙƙoƙi, ko ba a ce komai ba, to a ɗauka a rufe yake. Magana Jari Ce na yawo a wayoyi, amma Abubakar Imam ya rasu ne a 1981, dokar Nijeriya kuma na kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Yawan masu tura shi bai mayar da shi buɗaɗɗe ba.

Tambayar da ɗalibai kan yi ita ce ko wannan karatu na ba da takardar shaida. Sauke littattafan jami'a ba ya ba da digiri, ba ya kuma kawo ƙarin girma a wurin aiki. Mai son wannan sai ya yi rajista da NOUN ko NTI, ko shirin karatun hutu na wata jami'a kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai wanda ya riga ya karanta littattafan kwas kafin ya biya kuɗin rajista ya san abin da zai shiga, kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar malami ya riƙa sabunta iliminsa kafin a sabunta masa lasisin koyarwa.

1.7 Jinga

1. Bambanta tsakanin buɗe ƙofa da buɗe taska da buɗe haƙƙi, tare da kawo misali ɗaya na kowane daga Nijeriya.
2. Nemo littafin kwas ɗaya mai lambar HAU. Rubuta sunan marubucinsa da shekararsa da irin lasisin da ke kansa, sannan ka bayyana ko an yarda ka gyara shi.
3. Zaɓi labari ɗaya na yara wanda lasisinsa ya yarda da fassara. Shirya darasin minti 35 a kansa domin aji 3 na firamare a Lolo, inda rabin yaran Dandanci suke yi a gida. Haɗa da jadawalin kalmomi 10 da suka bambanta tsakanin Hausar yankin da daidaitacciyar Hausa.